Layi na Goma Sha Bakwai

Ni ne mai buga takardu a sashen ayyuka,
sakatariyar Kirfi, ɗaki na uku daga ƙofa,
inda fanka ta daina juyi tun ciyaman biyu da suka wuce.
Duk ƙarshen shekara ake turo min kundin kasafi,
in lashi yatsa, in buɗe,
in tarar da ita a layi na goma sha bakwai tana jirana:
gadar Rafin Kwalanga, hanyar Garin Ɓaure zuwa kasuwa.

Shekara tara ina buga ta.
Farko miliyan sha biyu,
sai ashirin, sai arba'in da ɗoriya.
Kuɗin na ƙiba kamar maraƙi a damina,
gadar ko cikinta ba a ɗauka ba, balle haihuwa.

Injiniya Gidado ya je sau biyu da ma'auninsa,
ya kafa turaku shida, ya shafa musu jan fenti.
Jauro Manu ya yanka masa zabi.
Yau akuyar Inna Dudu ke ɗaure a guda,
huɗu gara ta cinye,
na shidan ya bi ruwa.

Aka ce a jira kaso daga sama.
Kaso ya taso, ya yada zango a hanya,
ya iso mana a rame kamar mai tashi daga jinya.
Albashi ya ɗebi nasa, fansho ya miƙo hannu,
motar ofis tana son taya huɗu.
Ma'aji ya karkaɗe buhu a gabanmu,
ya ce, "Sai baɗi. Ai rafin ba ya guduwa."

Abin da ba su sani ba,
a Garin Ɓaure aka binne cibiyata.
Ran Juma'a nakan tuɓe takalmi a bakin rafin,
in naɗe riga a ka,
Barau da yaransa su ciccibi babur ɗina su huɗu,
ɗari biyar in ruwa na gwiwa, dubu in ya kai ƙirji.
A nan yayana Sambo ya jera kwando talatin na tumatir
cikin watan da sama ba ta ɗauke ido ba,
kwana uku yana kallon mota a wancan ƙetare,
direba na ɗaga masa hannu,
ƙudaje suka gama ciniki ba tare da tayawa.

Tsohuwata ta ce, "Kai da ke zaune kusa da masu biro,
ina gadarmu?"
Na ce, "Inna, tana layi na sha bakwai."
Ta ce, "Layin yana ɗaukar jaki?"
Na sunkuya ina gyara igiyar takalmi,
takalmin da ba ya buƙatar gyarawa.

Bana da kaka suka gaji da jira.
Kowane gida tiya biyu ta riɗi,
aka sayi siminti buhu arba'in,
samari suka fasa dutse, mata suka ɗebo yashi a tasa.
Ba gada ba ce, ɗan kwalbati ne mai baki biyu,
amma ranar da amalanke ta fara hawa kansa
har Jauro sai da ya yi rawa.

Litinin kansila ya kai allo aka kafa a gefe.
Talata aka ajiye min takarda:
"Layi na sha bakwai, a buga: an kammala kashi na ɗaya."
Yatsana ya tsaya a sama har shayina ya huce.

Na buga. Ina da 'ya'ya biyar.

Sai dai a can ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe,
na ƙara: Barau. Sambo. Inna Dudu da tasarta.
Gida sittin da ɗaya, tiya biyu-biyu.
Na san ba mai karanta kasafi har ƙarshe,
amma takarda ba ta mantuwa.